Daminar Da Shanun Inna Dudu Suka Makance

Ruwan da aka tafka shekaranjiya da la'asar shi ya tono mini wannan zance. Ina tsaye a barandar gidana a Lugbe na ga kwatar bakin titi ta cika ta tumbatsa, jan ruwa na tafe da robobi da takalmi wari guda da mushen kaza, iska kuma ta ɗaga kwanon shagon mai walda tana maka shi da ƙasa kamar da ma tana cike da shi. Autata ta fito da waya tana ɗauka tana dariya. Ni kuwa duk sanda na ga jan ruwa yana gudu haka, sai hancina ya jiyo ƙaurin bukkar da aka cinna wa wuta, ko da babu abin da ke ci a unguwar.

Shekarar da nake nufi, azumi ya faɗo tsakiyar damina. Muna haya a gangaren Lugbe, ciki da falo, ni da maigidana da yaranmu biyu na fari. Unguwar ba ta cika haka ba. Kana wuce gidajen ƙarshe sai gonakin masara da doya na mutanen Gbagyi, kana wuce gonakin sai rugar Fulani. Yau duk wurin rukunin gidaje ne masu jan rufi da maigadi a ƙofa, mazaunansu ba su san abin da ƙasar ta sha ba.

Sama ta ƙi ɗagawa a wannan shekara. A kwana ana yi, a wuni ana yi. Iska ta karya falwayar unguwarmu tun farkon wata, ba a kuma waiwaye mu ba. Gawayi ya jiƙe, kananzir ya yi ɓatan dabo, tumatir kan ruɓe a mota kafin ya iso kasuwa saboda hanyoyi sun yanke. Da asuba sai in fara da kwashe ruwan da ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, maigida yana fifita gawayi da murfin tukunya har idonsa ya yi ja, mu ɗumama tuwon jiya mu yi sahur a tsaye don tabarma ta jiƙe. Wanki ya yi kwana da kwanaki a igiya yana tsami. Bango ya yi fumfuna. Azumin damina ba ƙishi ne wahalarsa ba, yunwa ce. Sanyi ya shige ka ya ƙwaƙule maka ciki tun hantsi.

Abin da ke rufa mana asiri lokacin shan ruwa shi ne nonon Inna Dudu. Dattijuwar Bafulatana ce, siririya, mai tsagen fuska da ya fara dusashewa. Daga rugar nan ta bayan gonaki take tahowa da ƙwarya a ka, ta ratso caɓi har ƙofarmu, ta auna mini, ta yi wa yara gyara. Mijinta Jauro shi ne babba a rugar, ɗansu Ja'e shi ke kora shanun kiwo.

Ran nan ta zo ba ƙwarya. Ta tsuguna a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga gefen zanenta.

Ta ce, "Hajiya, yau babu nono. Shanu sun haukace."

Na ce, "Haukace kamar yaya, Inna?"

"Ba ke kike aikin maganin dabbobi ba? Zo ki gani da idonki. Baki ba zai iya faɗa ba."

Ni ba likitar dabbobi ba ce, amma na gaji da yi mata bayani. Aikina a ɗakin gwaji ne, a wata hukumar gwamnati da ke wajen Utako. A kawo jini ko ruwa ko ƙasa, inji ya auna ya zubo alƙaluma, mu kuma mu zauna gaban kwamfuta mu gano abin da suke faɗa. Duk da haka ranar Asabar na ɗaura zane, na sa takalmin roba, na bi ta.

Tun daga nesa na ji kukan. Ba irin kukan saniya mai neman maraƙinta ba ne, wannan daga can ƙasan ciki yake fitowa. Wata farar saniya ce, mai tozo, ta tsinke igiya tana gudu ba ta ganin gabanta. Ta yi karo da turke ta faɗi, ta tashi, ta nufi wata ɗorawa ta kafa mata goshi tana turawa, tana turawa, har fatar goshin ta tsage jini ya gangaro mata kan hanci. Haƙoranta na gurzar juna, ana ji kamar ana niƙa tsakuwa. Kumfa na zuba. Idonta a buɗe tar, amma da Jauro ya kaɗa mata hannu ko ƙiftawa ba ta yi ba. Can sai ta kife, ƙafafu huɗu na shure-shure a cikin taɓo. Jauro ya zaro wuƙa ya yi bisimilla ya yanka ta kafin ta zama mushe. Jinin ya bi ruwan sama ya zagaye mana ƙafafu.

Ja'e na tsaye a gefe, dogon matashi, sandarsa a kafaɗa. Ya ce, "Feshin manoma ne. Sun zuba wa ciyawa guba don mu tashi. Wallahi sai wani ya ɗanɗana."

Jauro ya ce, "Rufe mini baki. Ka gani da idonka?"

Ja'e ya tofar da yawu ya juya.

Ba rugar Jauro kaɗai ba ce. Rugage da dama a wannan yanki sun yi asara, sai hukumarmu ta tura likitoci suka yi ta ɗebo jinin shanu da ruwa da ƙasa da ciyawa, kowane samfur da alamar inda aka ɗauko shi. Inji ya yi ta aunawa, fayil a kan fayil suka taru. Mu biyu aka danƙa wa fassarar, ni da Oga Danjuma.

Danjuma ya girme ni a aiki. Gajere ne, mai tabarau, Kirista ne ɗan Gbagyi, kuma ƙauyensu shi ne wanda gonakinsa suka yi iyaka da rugar Jauro. Hausarsa ta Abuja ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. In ina azumi ba ya cin komai a gabana, sai ya ɗauki kularsa ya tafi bayan ofis.

Manhajar da muke nazarin alƙaluma da ita ƙofa biyu gare ta. Ta ɗaya, ka zauna ka rubuta jerin umarni, abin da muke kira sikirif: buɗe wannan, tace wancan, haɗa, raba, fitar da sakamako. Ka danna sau ɗaya, ta bi fayil ɗin duka ita kaɗai. Ta biyu kuma hira ce kai da ita. Ka kira samfur guda, ka ce ta zana maka, ka kai maus, wato linzamin kwamfuta, ka taɓa ɗigon da ya ba ka mamaki, ka faɗaɗa shi, ka tambaye ta daga ina ya fito. Danjuma mutumin ƙofar farko ne, ni ta biyu. Yana kiran aikina tsintar shinkafa, ina kiran nasa injin markaɗe.

Yakan ce, "Hajiya, hannu yana mantuwa. Abin da ka taɓa yau, gobe ba za ka tuna ba. Sikirif ba ya mantuwa."

In ce, "Ba ya mantuwa, amma ba shi da ido, Oga."

Kwamfutar da ke iya ɗaukar aikin guda ɗaya ce, janareto kuma daga safe zuwa azahar ake ba mu, don man dizal ya yi wuya. Yaran da ke ofis ɗin yanzu, da sola a kan rufi da kwamfuta a cinyar kowa, in na ba su labarin yadda manya biyu ke cacar baki a kan kujera ɗaya sai su ɗauka raha nake yi. Da yake fayil ɗin suna da yawa, Danjuma ne ya ci kujerar. Sikirif ɗinsa ya markaɗe su tas, ya fitar da shafi guda mai tsabta: babu maganin feshi a jinin shanun, sauran abubuwan da aka auna kuma matsakaicinsu bai wuce ƙa'ida ba. Darakta ya ce a rubuta cewa cuta ce da ba a gano ba tukuna. Shanu kuwa suka ci gaba da kafa goshi a bishiya.

Ranar wata Litinin Danjuma bai zo ba. Washegari ya shigo da rigar da ya kwana da ita, gabanta ya bushe ya yi ƙamas da jini. Bai gaishe ni ba. Ya zauna, ya cire tabarau, ya kafa wa bango ido.

Na ce, "Oga, lafiya? Haɗari kuka yi?"

Ya ce, "Mutanenka sun sare hannun yayana."

Yayansa Ayuba ya fita yi wa masara feshi da safe. Ja'e da wasu samari biyu suka same shi shi kaɗai. Ba su tsaya tambaya ba. Sara na farko Ayuba ya kare da hannu.

"Hannun ya faɗi a kan kunyar gona, Hajiya, yana riƙe da bututun feshi. Ni na ɗauko shi. Na sa a leda na kai asibiti kamar wawa, na ce ko za su iya mayarwa."

Kalmar "mutanenka" ta soke ni, don ni Bazazzagiya ce, ban haɗa komai da Ja'e ba sai alƙibla. Amma ba ranar wannan magana ba ce. Na yi masa jaje, na tambayi jikin Ayuba.

Ya ce, "Yana numfashi. Amma samarinmu suna wasa adduna. Tsofaffi sun riƙe su, ba za su riƙu da daɗewa ba. Su sun ce mun sa guba, mu mun ce ba mu sa ba, kuma takardar da na fitar ba ta ce komai ba."

Na ce, "To tashi ka ba ni kujerar."

Ya tashi ba musu.

Ban buɗe shafin sakamakonsa ba. Na kira ɗanyun alƙaluma na kashi ɗaya, yadda inji ya zubo su, na ce manhajar ta zana mini kowanne a matsayin ɗigo. Na bi abubuwan da aka auna ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan dalma, sai na ga yawancin ɗigon sun kwanta a ƙasa kamar zubabben gero, amma wasu 'yan kaɗan sun yi sama can, su kaɗai.

Na ce, "Waɗannan fa? Ban gan su a takardarka ba."

Ya matso. Ya ce sikirif ɗin yana zubar da duk awon da ya yi nisa da 'yan'uwansa, don in janareto ya yi tari wuta ta yi tsalle, inji kan ba da lambar banza. Gaskiya ya faɗa. Haka ake yi, kuma sau da yawa dokar nan ta cece mu daga jin kunya.

Na kai maus na taɓa na saman ɗaya bayan ɗaya, na mayar da su ja, na ce ta ɗora mini su a kan taswira. Da lambar banza ce, da sun warwatsu ko'ina. Ba su warwatsu ba. Suka jeru a bakin wani kwari guda, kamar tururuwa a kan hanyarta.

Danjuma ya mayar da tabaransa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan kashi ɗaya ne. Sauran fa?"

Na dubi tarin fayil ɗin. In da hannu zan bi su haka, har a yi Salla ban kai rabi ba.

Ya ce, "Matsa kaɗan. Duk abin da ka taɓa, ta rubuta."

Akwai wata 'yar taga a gefe da ban cika kula ta ba. Ashe duk dannawar da na yi, da zanen, da canza launi, da ɗorawa a taswira, manhajar tana ajiye su a rubuce a matsayin umarni. Ya kwashe su, ya zuba a cikin sikirif ɗinsa, ya cire layin da ke zubar da awo. A madadinsa ya rubuta cewa in ta gama kowane kashi ta zana, ta tsaya, ta jira ni. Ni zan duba in ce wannan a riƙe, wancan a yar. Wasu kuwa na yar da su, don a ranakun da wuta ta yi tsalle har tsabtataccen ruwan da muke gwada lafiyar inji da shi ya nuna dalma. Sauran na riƙe.

Haka muka zauna kafaɗa da kafaɗa a kan benci, shi da rigar jini, ni da yunwa tana sa ɗigon suna yi mini biyu-biyu. Ta markaɗa, ta tsaya, in duba, ya danna, ta ci gaba. Da azahar ta gabato ya sauka ƙasa da gudu, na jiyo shi yana yi wa mai janareto magiya, daga baya yana yi masa tsawa. Bai samu ƙari ba. Wuta ta ɗauke muna tsakiya. Sai washegari muka ƙarasa, kuma sikirif ɗin ya ɗora daga inda muka tsaya, bai mance ko ɗigo ɗaya daga waɗanda na zaɓa ba.

Hoton ya fito sarai. Gubar dalma ce. Jan ɗigo na ƙara kauri in ka bi kwarin ka yi sama, wajen bayan titin filin jirgi. Shanun da ke shan ruwa a wani rafi daban kuwa, ko da a gindin gonakin da aka fesa suke kiwo, jininsu kalau. Manoma ba su sa komai ba.

Muka buga taswirar muka kai wa Darakta. Ya ce aiki ya yi kyau, amma sai an rubuta rahoto, an sa hannu, an aika ta hanyar da ta dace. Muna tsaye a gabansa wayar Danjuma ta yi ƙara. Ya saurara, fuskarsa ta canza. Wani ya baza a ƙauye cewa Ayuba ya cika a asibiti. Ƙarya ce, da safen nan Danjuma ya bar shi yana shan kunu. Amma samari sun riga sun fita.

Ya fizgi taswirar daga kan tebur. Na bi shi. Har yau maigidana in ya tuna sai ya ce da ya san inda na nufa da ya kulle ni a ɗaki.

Tsohuwar motar Danjuma muka shiga. Ruwa ya cinye gefen titin filin jirgi, motoci sun cushe, ya yi ta kiran waya ba wanda ke ɗagawa. Sai bayan la'asar muka isa ƙarshen unguwa, muka bar motar a taɓo muka shiga masara da ƙafa. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin a gabas. Ƙarƙashinsa kuma wani baƙin na tashi, na hayaƙi.

Ciyawar bukkokin rugar a jiƙe take, shi ya sa samarin ƙauyen suka zo da fetur a jarka. Suna watsawa suna ƙyasta ashana, wuta ta yi tsalle ta kama da wani irin huci. Samari ne da yawa, wasu ba riga, da adduna da gora da fartanya. Mata da yara na rugar suna kutsawa cikin masara suna ihu. Shanun da suka rage, waɗanda guba ta bari, an bi su ana sare musu agara, su durƙushe a kan gwiwa suna jan gindi a taɓo. Wani maraƙi ya fito daga bukka bayansa na ci da wuta. Ja'e da abokansa ba sa nan, tun ranar da suka yi saran suka shiga daji.

Jauro ne kaɗai namijin da ya tsaya. Yana bakin garke, sandarsa a ƙasa, tafin hannunsa biyu a buɗe. Bakinsa na motsi amma ba mai jin abin da yake faɗa.

Danjuma ya ruga tsakiyarsu yana ɗaga takardar sama, yana ihu da yarensu. Na tsinci sunan Ayuba a ciki, yana ta maimaitawa. Wani ƙato ya juyo ya zabga masa gora a baki. Tabaran ya yi gefe, taswirar ta faɗi, ƙafafu suka tattake ta cikin caɓi. Sai na ji an fizge mayafina ta baya har wuyana ya shaƙe.

"Ga ɗayarsu! Ga ɗayarsu nan!"

Na faɗi a kan gwiwa. Na ga ƙafa, na ga bakin adda da ciyawa manne a jikinta, na yi kalmar shahada. Danjuma ya rarrafo ya faɗo a kaina, jinin bakinsa na zuba mini a kafaɗa. Da Hausa ya yi maganar a wannan karo, ina jin don ni ma in ji.

"Ku fara da ni! Ni ƙanen Ayuba ne, ku fara da ni! Ayuba yana da rai!"

Wanda ya riƙe mayafina ya sassauta. Amma can bakin garke maganar ba ta kai ba. Ta ƙarƙashin hannun Danjuma na hango. Gora ta fara samun Jauro a kafaɗa, ya durƙusa. Hularsa ta faɗi. Ya ɗago kai kamar zai yi tambaya, sai adda ta sauka. Suka rufe shi, ban ƙara ganin komai ba sai hannuwa na tashi suna sauka.

Sannan sama ta tsage. Ruwa ya zubo kamar da bakin ƙwarya, da tsawa da iska, ya kashe wutar, ya mayar da rugar toka da caɓi. Wani ya yi ihu cewa 'yan sanda na tafe, samarin suka watse cikin masara. Kafin 'yan sandan su iso wurin ya yi tsit, sai nishin shanu.

Inna Dudu ta fito daga inda ta ɓuya. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a taɓo, ta ɗora abin da ya rage na kan mijinta a cinyarta, ta ja gefen zanenta ta rufe. Daga can Lugbe aka kira magariba, iska na kawo muryar tana yankewa. Na tara tafin hannuna ruwan sama ya cika shi, na kurɓa, da ɗanɗanon toka a ciki. Na tara wani na kai mata.

Na ce, "Inna, an sha ruwa."

Ta ce, "Shi bai sha ba."

Bayan kwana biyu muka sake buga taswirar, don tana nan a kwamfuta, dannawa ɗaya ce. Muka bi kwarin da 'yan sanda da likitocinmu har samansa. A bayan wani shingen langa-langa muka tarar da tsibin fasassun baturan mota, da murhun da ake narkar da dalmar cikinsu. Masu wurin sun gudu. Ruwan sama na wanke tsibin yana gangarawa da shi, shanu na sha, wasu har lasar fasassun suke yi. Kuma kwarin bai tsaya a ruga ba. Ya wuce ta bayan ƙauyen su Danjuma, inda mata ke ɗibar ruwan girki.

An yi zama da dagaci da ardon yankin. Aka shimfiɗa taswirar a tebur, Danjuma ya yi bayani da kumburarren baki, ba wanda ya iya kallon wani. An kama Ja'e a wata kasuwar shanu, an kama wasu daga samarin ƙauyen.

Mutanen rugar an tara su a azuzuwan wata firamare. Can na sami Inna Dudu tana takaba a kan buhu. Na yi mata bayani a hankali, batur, ruwa, dalma. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Ke nan ba manoma ba ne."

"Ba su ba ne, Inna."

"Ke nan ɗana ya sare hannun bawan Allah a banza, aka kashe ubansa a banza." Ta dube ni. "Da kin bar ni da abin da na sani, Hajiya. Ya fi sauƙin ɗauka."

Har na miƙe zan tafi ta kamo bakin mayafina.

"Jikokina sun sha ruwan nan. Injin naku yana duba jinin mutum?"

Yana dubawa. Yaran ruga da na ƙauye da dama an sami dalma a jikinsu, aka ɗora su a kan magani. Nawa biyun ma an duba su saboda nonon, Allah ya taƙaita. Bayan ta fita takaba Inna Dudu ta bi 'yan'uwanta suka yi wajen Nasarawa, ban sake jin ɗuriyarta ba. Ayuba ya koyi riƙe fartanya da hannu ɗaya. Danjuma ya yi ritaya, yana kiwon kifi a ƙauyensu, duk Salla sai ya kira ni ya ce, "Hajiya, ka ajiye mini nama."

Ranar da aka ɗebi jinin yaran, ana jajibirin Salla ne, da safe, ana yayyafi. A barandar firamaren aka yi. Matan ƙauye suka zauna a wannan gefe da 'ya'yansu, matan ruga a wancan, ba wadda ta gaida wata. Ma'aikaciyar jinya na ɗiba, ni ina manna lamba a kwalba, Danjuma na shigar da sunaye a kwamfuta, leɓensa da ɗinki, tabaransa ɗaure da zare. Inna Dudu ta turo wata 'yar jikarta gaba, mai kitso biyu, tana maƙale da zanen kakarta.

Danjuma bai ɗago ba ya ce, "Suna?"

"Adama."

"Sunan uba?"

Inna Dudu ta ce, "Ja'e."

Yatsun Danjuma suka tsaya cak a kan madannai. Ya ɗago ya dubi yarinyar, ita ma ta zuba masa ido, ta miƙa wa ma'aikaciyar hannu tun ba a ce ta miƙo ba. Allura ta shiga, ta cije leɓe, ba ta yi kuka ba.

Ya sunkuyar da kai ya rubuta sunan, harafi bayan harafi. Ya ce, "Na gaba."